Yadda zaki ciyar da gidanki abinci mai gina jiki ko da kuɗin cefane bai kai na nama ba

Assalamu alaikum 'yan uwa na Nima da Mamobi da Newtown da Madina da Sabon Zongo, da duk inda kuke. Maganar nan ta daɗe tana cina a rai. Shekarun baya na kai autana awo, lokacin yana wata goma sha ɗaya, nas ɗin ta ɗora shi a sikeli ta duba kati ta sake dubawa, sai tace min Hajiya wata uku kenan layin nauyin yaron nan bai hau ba, me yake ci? Nace koko da safe, koko da rana, da dare in ɗan bashi tuwo da ruwan miya, ga nono yana sha, wallahi cikinsa baya zama haka nan. Tace toh ai cikin ne yake cika, jikin bai samu abin gini ba. Na shiga trotro ina share hawaye da bakin mayafi, don ni a sanina ban taɓa barin ɗana da yunwa ba. Tun daga ranar na shiga tambaya da bincike, kuma abin da na koya shi zan jero muku ɗaya bayan ɗaya yadda ni nake yi a gidana mai mutum bakwai.

Kafin nan bari in faɗa muku wani abu da ya girgiza ni. Ciwon nan da yaro ke kumbura ƙafa da fuska, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, fata tana saɓulewa, duk duniya sunansa kwashiorkor, daga Amurka har Indiya haka likitoci ke kiransa. Kalmar nan ta yaren Ga ce, ta garin nan namu Accra. Wata likita mai suna Cicely Williams, haifaffiyar Jamaika, tana aiki a asibitin yara na Princess Marie Louise a nan Accra, ita ta bayyana ciwon a rubuce a 1933, sannan a 1935 ta fito da sunan da mutanen Ga ke kiransa. Ma'anarsa ciwon da ke kama yaron da aka yi wa ƙane aka sauke shi daga nono. Kuma me ake ba yaran a lokacin? Kunun masara zalla. Wajen shekara casa'in kenan, amma ki leƙa gidajenmu yau ki ga me ke cikin kofin yaron da aka yaye.

Mataki na farko, ki raba abincin da ke gabanki a ranki kashi-kashi, ki san wanne ke wane aiki. Akwai mai bada ƙarfi, shi ne kamar gawayi a kurfoti: masara, gero, dawa, shinkafa, rogo, doya, agade, burodi, sikari, da mai. Akwai mai kare jiki, ganye da kayan marmari: kontomire, ayoyo, alefu, zogale, kuka, kuɓewa, lemu, gwanda, mangwaro. Sai mai gina jiki, wanda ake kira furotin, shi ne maganarmu. A wurin awo nas-nas suna kiran abin da abinci mai tauraro huɗu, wato tuwo da danginsa tauraro ɗaya, wake da gyaɗa da agushi tauraro ɗaya, ganye da 'ya'yan itace ɗaya, sai abin da ya fito daga dabba ɗaya. In kin zuba abinci ki ƙirga taurarin. Yawancin kwanukanmu ɗaya da rabi ne.

Shi furotin ki ɗauke shi kamar carbi ne da aka shirya da duwatsu iri ashirin, duwatsun su ake kira amino asid. In kin ci wake ko kifi, ciki zai tsinke carbin, duwatsun su shiga jini, jiki ya sake shirya nasa carbin da su, wani ya zama tsoka, wani fata da gashi da farce, wani ya zama abin da ke ɗaukar iska a cikin jini, wani sojojin da ke faɗa da cuta, wani ya je ya ɗinke ciwo. Sha ɗaya daga cikin duwatsu ashirin ɗin jiki na iya haɗawa da kansa, amma tara dole sai daga abinci. Sannan ga abin da mutane ba su sani ba: jiki yana ajiye mai, kowa na ganin inda yake ajiyewa, amma bashi da rumbun furotin. In bai samu ba sai ya koma yana gutsurar tsokarki. Shi yasa naman Layya na kwana uku, a ci soye a ci dambu a ci har a gaji, baya biyan bashin watannin da suka wuce, kuma baya jiran na gaba. Kullum ne ake so, kaɗan-kaɗan.

Mataki na biyu, ki hau sikeli. A kemis ko wurin awo ko masu sikelin bakin titi, duk ɗaya. Lissafin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar ga babba mai lafiya shi ne kusan giram 0.8 na furotin a kowane kilo na nauyin jiki a rana. Mai kilo 60 tana buƙatar giram 48 kenan, mai kilo 70 giram 56, mai kilo 80 giram 64. Yaro ƙarami kuma wajen giram 1 ne a kowane kilo, ɗan shekara biyu mai kilo 12 wajen giram 12 zuwa 13. Kinga ba wani yawa bane, ƙwai biyu sun kusa biya masa. Amma ki lura, giram 48 na furotin ba shi ne giram 48 na nama ba, nan ne mutane ke ruɗewa. Ɗanyen nama in kika auna giram 100, furotin ɗin ciki wajen 20 ne, sauran ruwa ne da kitse.

Mataki na uku shi ne wanda zan daɗe a kai, don in kin riƙe shi kin gama rabin aiki: ki haddace abin da kowane abinci ke ɗauke da shi, da awon hannu da kofi, tunda ba wadda zata ajiye sikeli a gindin murhu. Ƙwai ɗaya giram 6. Gyaɗa cikin tafin hannu ɗaya wajen 7. Dafaffen wake kofi ɗaya wajen 13. Kifi ko nama ko kaza dafaffe, yanka mai faɗin tafin hannunki ban da yatsu, 20 zuwa 25. Sardin gwangwani ɗaya wajen 20. Madarar shanu kofi ɗaya 8. Dafaffiyar shinkafa kofi ɗaya 4. Busasshen kifi ya fi ɗanye ninki biyu ko fiye a nauyi ɗaya saboda ruwan ya fita. Waken soya shi ne sarki a cikin tsirrai, busasshensa giram 100 na da wajen 36, wake namu na gida 23 zuwa 24, gyaɗa 25.

Yanzu ki dubi ɗaya ɓangaren. Rogo giram 100 furotin ɗinsa wajen giram 1 ne kawai. Agade haka, doya ta ɗan ɗara kaɗan. Ma'ana gari da sakwara da kokonte da ampesi cika ciki ne da bada ƙarfi, ginin jikinsu kaɗan ne ƙwarai. Gero da dawa da masara sun fi su nesa ba kusa ba, busasshen gero na da wajen 11, masara wajen 9, amma in aka tsinka su da ruwa aka tace aka yi koko, abin da ya rage a kofi ɗaya bai wuce giram biyu ko uku ba.

Bari in gwada miki da rana biyu. Rana ta farko, shayi da burodi da safe, da rana a jiƙa gari da sikari, da dare banku da barkono da wele yanka biyu. Mutum ya ƙoshi sau uku, amma da ƙyar in ya haɗa rabin abin da jikinsa ke nema. Rana ta biyu, koko da gyaɗa cikin hannu da ƙwai ɗaya, 16 kenan. Da rana waakye mai wake sosai, kofin wake da kofin shinkafa, 17, an kai 33. Da dare tuwon zafi da ayoyo da kifi tafin hannu ɗaya, tuwon ya kawo wajen 5, kifin 20, an kai 58. Mai kilo 60 ta wuce, mai kilo 70 ma ya samu, kuma ba a sayi nama ko na sidi ɗaya ba.

Maganar wele, wato ganda, nasan zan taɓa zuciyar mutane, nima ina sonta a waakye. Tana da furotin, amma irin na fata ne wanda ake kira kolajin, kuma akwai ɗaya daga duwatsu taran nan da babu a cikinsa, wasu kuma kaɗan ne. Ki ci don daɗi, kada ki lissafa ta a matsayin naman yara. Kuɗin wele biyu in zai sayi ƙwai, ki ɗauki ƙwan.

Mataki na huɗu, kasuwa. Ni ranar Laraba nake shiga Kasuwan Mamudu, in abin ya yi tsada in gangara Mallam Atta ko Agbogbloshie. Tsarina shi ne kafin in sayi tumatir ko magi sai na fara cire kuɗin abu huɗu: wake olonka ɗaya, gyaɗa, busasshen ƙananan kifi, da ƙwai ko rabin kiret ne. Abin da ya saura shi ake rabawa sauran kaya. Da can akasin haka nake yi, in gama sayen komai sannan in ce a bani kifi da canjin da ya rage, kuma canji baya ragewa.

Kifin nan ƙanana da ake kira Keta school boys, da amani mai hayaƙi irin na Chorkor, wallahi raina su da muke yi asara ce. Ana cinye su da kai da ƙaya, don haka bayan furotin ga sinadarin ƙashi ga na ƙarin jini. Ƙasar nan dama kifi ne ke riƙe da ita, wajen kashi 60 cikin 100 na furotin ɗin dabba da 'yan Ghana ke ci daga kifi yake. Wajen Agusta da Satumba amani kan yi yawa ya sauko, lokacin ake saye da yawa a ƙara shanyawa a ajiye. In kina saye ki karya ɗaya ki duba ciki, kada ya zama da ƙwari ko fumfuna ko danshi. Koobi da momoni kuwa, wato kifin gishiri, kayan ƙamshin miya ne, gishirinsu ya yi yawa, ki jiƙa ki zubar da ruwan, kuma mai hawan jini ya yi hankali, gishirin da ake so babba ya ci a yini bai kai cokalin shayi ɗaya cikakke ba, ƙasa da giram 5.

Gyaɗa kuma ki zauna ki tsince ta a faranti. Duk wadda ta yamutse ko ta yi baƙi ko kore ko tana ɗaci ki zubar, kada ki ba kaji ma. Akwai guba da fumfuna ke bari a gyaɗa da masara, aflatoksin, tana lalata hanta, kuma suya ko dafuwa basa kashe ta. Shi yasa na daina sayen niƙaƙƙiyar gyaɗar da ban san wanda ya yi ba, ina soya tawa in kai inji.

Mataki na biyar, haɗi. Nan ne na ƙara girmama kakanninmu. Hatsi, wato masara da gero da shinkafa, yana da ƙarancin wani amino asid mai suna laisin, wake kuma yana da shi sosai. Shi kuma wake yana da ƙarancin wani mai suna metiyonin, hatsi na da shi. In suka haɗu sai kowa ya rufa wa ɗan uwansa asiri. Toh dubi abincinmu: koko da ƙosai, waakye wanda sunansa ma daga shinkafa da wake ya fito, fura da nono, burkina, tuwo da miyar gyaɗa, tuwo da miyar kuka mai daddawa. Ba su shiga aji ba amma sun haɗa daidai. Mu ne muka zo muka rage waken waakye muka cika taliya da gari, muka bar ƙosai muka kama bofrot. Kuma ba dole sai a kwano ɗaya ba, in kin ci hatsi da safe wake da rana, jiki zai haɗa abinsa. Gari da wake ma abinci ne mai kyau in waken ya fi garin yawa, ki ce wa mai sayarwa ta ƙara wake ta rage gari da mai.

Akwai ma masara ta musamman da cibiyar binciken amfanin gona ta Fumesua kusa da Kumasi ta fitar a 1992, sunanta Obatanpa, wato uwa ta gari da yaren Asanti, laisin ɗinta ya fi na masarar gama-gari. In kuna da mai noma a gida ko a arewa ku tambaye shi.

Mataki na shida, girki. Wake tukuna. Ki tsince, ki wanke, ki jiƙa tun dare, da safe ki zubar da ruwan ki zuba sabo. Zai nuna da wuri, gas ko gawayi ya ragu, kumburin ciki ma ya ragu. Kanwa kuwa ki rage hannu, tana saurin nunar da wake amma tana kashe wasu bitamin na ciki, in kin jiƙa ba kya buƙatarta sosai. Wanda wake ke damunsa ya fara da ludayi ɗaya kullum, cikin sati biyu uku ciki kan saba. Waken soya kuma ba a cinsa ɗanye ko rabin dahuwa, sai an soya shi sosai ko an tafasa, in ba haka ba yana hana ciki narkar da furotin ɗin.

Sai garin kifi, wannan shi ya ceci autana da ikon Allah. Ki samu ƙananan kifin nan, ki tsince yashi da tsakuwa, ki ɗauraye da sauri, ki shanya ya bushe ƙarau, ki ɗan gasa a tukunya ba mai a wuta kaɗan har ya yi ƙamas, ki daka ko ki niƙa, ki tankaɗe da rariya mai laushi saboda ƙaya, ki zuba a kwalba busasshiya mai murfi. Kada ki yi da yawa, na sati biyu ya isa saboda danshin garin nan. Cokalin shayi ɗaya ko biyu a abincin yaro, ki zuba tun yana wuta ya ɗan tafasa tare. A miyar gida kuma ki zuba cokali uku huɗu, zaki ga ko magi kin rage.

Tom brown ɗina kuwa, wato garin kunun yara na soyayyen hatsi, ga awonsa: masara ko gero gwangwani huɗu, sai wake ko waken soya da gyaɗa a haɗe gwangwani ɗaya, rabi da rabi. Huɗu da ɗaya kenan, irin awon weanimix, garin kunun yara da ake koyarwa a wurin awo. Kowanne ki soya shi daban don basa nuna lokaci ɗaya, masara har ta yi ruwan ƙasa, waken soya har ƙamshin ɗanyen ya fita ki murje ɓawon ki fece, gyaɗa ki murje. In sun huce ki haɗa ki kai inji, ki tsaya a wanke ko a share injin in an niƙa barkono kafin ke. Wajen damawa ki kwaɓa da ruwan sanyi, ki zuba a tafasasshen ruwa kina juyawa, ki barshi ya dahu minti goma. Kuma dan Allah ki yi shi da kauri, yadda in kin karkata cokali ba zai zube kamar ruwa ba. Cikin jariri ɗan mitsitsi ne, in kin cika shi da ruwa-ruwa ba wurin abinci. Wannan kuskuren shi na yi wata da watanni ina ganin kamar tausayi ne.

Mataki na bakwai ba a kasuwa yake ba, ba a murhu ba, wajen rabo ne, kuma shi ya fi wuya. Kowa ya san yadda ake yi, tsoka da gindin kifi na maigida, yara romo da kai. Alhaji, Baba, Yaya, da girmanku nake magana: jikinku ya gama tsawo, na yaron nan yanzu ake gina shi, ƙwaƙwalwarsa ma yanzu take girma. Binciken lafiya na ƙasa na 2022 ya nuna kusan yaro ɗaya cikin shida 'yan ƙasa da shekara biyar a Ghana tsawonsa bai kai na shekarunsa ba, kuma kusan rabin ƙananan yara na da ƙarancin jini. Tsawon da yaro ya rasa kafin shekara biyu da wuya ya dawo. Ni da na zauna da maigidana na nuna masa katin awo, shi da kansa yace a fara cire na yara kafin a zuba masa. Ki zaɓi lokaci mai kyau ki yi maganar cikin ladabi, galibinsu rashin sani ne ba rowa ba.

Ki ba ƙaramin yaro kwanonsa daban ki zauna kusa da shi, in ya sa hannu da manyan yayyensa kafin ya kai loma biyu an share. Wata shida na farko nono zalla, ko ruwa ba a badawa. Daga wata shida a fara abinci ana cigaba da nono har shekara biyu, abin da addini ya faɗa likitoci ma shi suka faɗa. Kuma maganar wai in yaro ya ci ƙwai zai yi sata ko zai daɗe bai yi magana ba, ba ta da tushe. Daga wata shida ki dafa ƙwai ya nuna sosai ki murje masa. Gyaɗa guda-guda kuwa kada ki ba ƙaramin yaro, tana shaƙewa, sai niƙaƙƙiya a cikin kunu. In kin ga ƙuraje ko kumburin baki bayan cin ƙwai ko gyaɗa ki dakata ki kai shi a duba.

Wani abu kuma, shayin Lipton tare da abinci yana hana jiki jan sinadarin ƙarfe mai ƙara jini da ke cikin wake da ganye. Ki raba su da awa ɗaya ko biyu. Lemu ko abarba ko ɗanyen tumatir bayan cin wake kuwa ƙara jansa suke yi.

Sai mutanen da lissafinsu ya bambanta. Mai ciki buƙatarta na ƙaruwa ne a hankali, a wata ukun ƙarshe ƙarin ya kai wajen giram 30 a rana, mai shayarwa a wata shidan farko wajen giram 19. A aikace ƙarin ƙwai ɗaya da kofin wake da ɗan kifi kenan. Tsoron wai ɗa zai yi girma haihuwa ta yi wuya yasa wasu na ƙin ci, ƙarshe jini ya yi ƙasa, wahalar ta fi. Nonon shanu da wagashi suna da kyau amma a tabbatar an tafasa nonon, wagashi a soya ko a dafa.

Tsofaffinmu kuma su ake mantawa. Haƙori ya tafi, sha'awar abinci ta ragu, sai ki ga Mma ta koma shayi da burodi safe da dare, ƙafa na sirancewa, tashi daga tabarmar sallah na gagara. Masana da yawa na cewa tsoho na buƙatar giram 1 zuwa 1.2 a kilo, fiye da matashi. Ki yi mata mai laushi: alala, faten wake, ƙwai, kifi da aka cire ƙaya, dambun nama, fura da nono ba sikari da yawa.

Samarinmu masu ɗaga ƙarfe da 'yan ƙwallo, naku ya kai giram 1.2 zuwa 2 a kilo gwargwadon wahalar tirenin. Kafin ka zuba kuɗinka a robar garin furotin da baka san inda aka yi ba, ka lissafa ƙwai nawa da sardin nawa kuɗin zai saya. In dole sai ka saya ka duba lambar rajistar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna, a jiki. Kuma ka raba cin sau uku ko huɗu a yini ya fi ka zauna wurin mai shayi ka fasa ƙwai takwas a indomi lokaci ɗaya.

Da azumi, sahur ne wurin. Wanda ya yi sahur da gari ko burodi da shayi kafin azahar ya galabaita, wanda ya ci wake ko ƙwai ko tuwo da miyar gyaɗa yana kaiwa la'asar da sauran ƙarfi, don furotin na daɗewa a ciki.

Wanda likita ya ce yana da ciwon ƙoda, wannan lissafin duka ba nasa bane, nasa awon likita da masanin abinci ne zasu bashi, wani lokacin ragewa ake yi. Mai suga da mai hawan jini da suka daɗe da ciwon su nemi a gwada ƙodarsu kafin su ƙara. Sosej da konbif da naman gwangwani kuma a bar su na wani lokaci, gishiri ne da kitse, ba su ake nufi da gina jiki ba.

Na ƙarshe, ki san alamun da ba na gida bane. Ki danna babban yatsanki a bayan ƙafar yaro ki ƙirga uku, in kin ɗaga ramin ya zauna a ƙafa biyun, wannan kumburi ne ba ƙiba ba. Ko gashi ya canza launi yana zubewa, fata na ɗayewa, yaro baya wasa baya son abinci sai kuka, ko ya rame har haƙarƙari sun fito, musamman bayan ƙyanda ko gudawa, don likitocin yanzu sun gano ba rashin furotin kaɗai ke kawo kwashiorkor ba, cututtuka na da hannu. Kada ki ce bari in ɗura masa ƙwai da madara a gida, jikin da ya kai nan baya ɗaukar abinci mai nauyi farat ɗaya, yana iya zama ajali. Ki ɗauke shi ranar, da katin awo da katin inshora, asibiti zasu fara da wata madara ta musamman kaɗan-kaɗan kafin su ƙara. Asibitin Princess Marie Louise ɗin nan har yau yana nan cikin gari yana karɓar irin waɗannan yaran, asibitin unguwa ma zasu duba su tura ki inda ya dace.

Autana kuwa da muka koma awo bayan wata biyu da fara tom brown mai kauri da garin kifi da ƙwai sau huɗu a sati, layin ya ɗaga. Har yau katin na cikin akwatina, kuma kwalbar garin kifi bata taɓa yankewa a kicin ɗina ba, yanzu jikar yayata ce ke ci.